Ranar da Ulemu Ta Hau Layin Awo

"Ba zan ɗauki zakara in shiga gidan mutane ba sai na san abin da ke cikin yarinyar nan."

Kawu Malunga ne ya faɗi haka, yana zaune gindin mangwaro yana ɓare gyaɗa, hankalinsa kwance. Lonjezo na durƙushe a gabansa. Malami ne a makarantar mishan, shi ke koyar da waƙar coci, in ya ɗaga hannu aji guda sai ya yi tsit. Amma gaban ƙanin mahaifiyarsa ba shi da baki. Mu nan Mlambe kawu ke aurar da ɗan 'yar'uwarsa. Shi zai kai zakara, kawun mace ya miƙo kaza, a yi musaya gaban jama'a, sannan magana ta zauna. In kawu ya noƙe, ko uban wa ya haife ka sai ka jira.

"Kawu, ciwo ne, ba ciki ba. An yi mata gwajin fitsari, ba a ga komai ba."

"Fitsari?" in ji Nambewe, yayar Lonjezo, daga bakin madafi, tana dafe da nata tsohon cikin. "Fitsari ai aronsa ake yi, ƙanena. Ni da na haifa na kuma haifa, ba a ɓoye min ciki da ɗaurin zani."

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Ulemu ce fa."

"Ulemun dai. Kai ka taɓa ta?"

Lonjezo ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. "Ban taɓa ba."

"To ka ga ma abin ya fi muni."

Kawu ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa. "Ni ba na son dogon zance. Asibiti suna da injin da ke haska cikin mace. Ta je a haska, a kawo min hoton in gani da idona. In ba ɗa, ni da ƙafata zan kai zakara. In kuwa ta kasa, ga 'yar dikin cocinmu nan Tinenenji, uwarta ta gaji da aiko mana da ƙuli-ƙulin gaisuwa."

Lonjezo ya tashi. Ya san abin da Kawu ya nema, a fatar baki abu ne mai sauƙi. A Mlambe kuwa ba haka ba ne.

*

Ulemu tela ce a layin masu ɗinki na kasuwa, doguwa, mai ƙarancin magana, ba yarinya ƙarama ba. Tun bayan girbin masara mararta ta fara tasowa. Da farko ta ce ƙiba ce, har tana wa kanta dariya. Daga baya siket ya daina shiga, ciwo ya fara sukar ta a gefen hagu in ta daɗe tana taka keken ɗinki. Kafin ta gama fahimtar abin da ke damunta, kasuwa ta riga ta gama yanke hukunci.

Injin haska cikin guda ɗaya ne tak tsakaninmu da asibitoci biyu na ƙetaren kogi. A motar asibiti ake yawo da shi. Ya kwana biyu nan, a naɗe shi cikin bargo a tsallaka da shi, sai kuma ran da Allah ya dawo da shi. Akwai wani babban injin hoton ƙashi da aka kawo mana da kiɗa da jawabi, yana nan cikin akwatin katako a bayan ɗakin magani, damina ta wuce a kansa ta sake wucewa, wai ɗakin da za a sa shi ba a ja masa wuta ba. Kajin masu gadi ne ke ƙwai a gindinsa. Duk wanda ya ce miki ba ya jin takaicin wannan a garin nan, bai taɓa ɗaukar mara lafiya ba.

Ulemu ta sami Sista Ndaziona, ƙawarta tun firamare, a barandar ɗakin haihuwa.

"Injin yana nan, jiya ya zo," in ji nas ɗin. "Amma Ulemu, kin san sharaɗin waɗanda suka ba mu shi. Na masu ciki ne. Wadda ba ta cikin masu awo ba a ɗora ta a kai."

"Ni da ba ni da ciki fa?"

"Sai birnin Blantyre."

"Ndazi, a kan kujerar ɗinki ma da ƙyar nake zama. Ta yaya zan kai Blantyre?"

Sista ta duba hagu ta duba dama, ta rage murya. "Hanya ɗaya ce. In sa ki cikin masu awo. Gobe ki zo da sassafe ki zauna a layi kamar kowa. In kin shiga ɗakin, mai injin zai ga abin da ya gani, ya ba ki hotonki, ki fita. Amma ki taho da Lonjezo. Kin san yanzu masu miji ake fara gani."

Ulemu ta girgiza kai. "In aka gan shi a layin awo da macen da bai aura ba, fasto zai sallame shi daga makaranta kafin la'asar. Aikin nan shi ke riƙe da uwarsa. Ba zan gaya masa ba ma."

"To ke fa, in aka gan ki?"

"Zan rufe kaina. Da hoton a hannuna, kowa ya faɗi abin da ya ga dama."

Kaico, Ulemu. Ita a ganinta gaskiya na cikin ɗakin can tana jiran ta, shiga kawai za ta yi ta ɗauko.

*

Washegari hadari ya haɗo tun safe. Mata sun cika benci sun cika ƙasa, kowacce da ƙullin dafaffen rogonta. Ulemu ta lafe a kusurwa, ta ja zani ta rufe har goshi. Aka yi addu'a, aka tashe su suka yi waƙar nan ta masu awo da tafi, ta cin ganye da kwana cikin gidan sauro. Ita ma ta tafa. Hawaye na zuba cikin zanin, tana tafi.

Sai babbar nas ta fito, mace mai murya kamar lasifika.

"Masu miji ku matso gaba. Marasa miji ku koma baya, ku je ku tuna inda kuka baro su."

Aka kwashe da dariya. Ulemu ta koma baya. Layi ya yi ta tafiya kamar ba ya so, rana ta yi tsaka, ciwon gefen hagu ya taso mata har tana cije zani. Direban motar asibiti kuwa sai kai-komo yake yana duban sama, yana cewa in ruwan nan ya sauko ba ya jiran kowa, dole ya tsallaka da inji kafin kogi ya kawo.

A lokacin ne Bambo Kadzamira ya shigo harabar da akori-kurarsa, ya kawo masarar ɗakin girkin asibiti. Dillalin hatsi ne, matarsa ta rasu, yana da rufin asiri da tumbi daidai gwargwado. Sau biyu yana aika wa kawun Ulemu maganar aure, sau biyu tana cewa a ba shi haƙuri. Ya gane ta ne da takalminta, ya tako har inda take durƙushe.

"Ulemu, me kike yi a bayan layi kina gumi haka?"

"Bambo, don Allah ka wuce."

"Ki mutu a nan in wuce?" Ya juya ya ɗaga murya. "Sista, wannan ba ta da lafiya, a duba ta."

Babbar nas ta leƙo. "Kai ne mijin?"

Ban san ko tausayi ne ya motsa shi ko dabara ba, kuma ina zaton shi kansa bai tsaya bambancewa ba. Ya dai gyara tsayuwa ya ce, "Ni na zo da ita."

"To ku matso gaba."

Ya kama gwiwar hannunta ya ɗaga ta. Ciwo bai bar mata ƙarfin fizgewa ba. Suna ratsa mata, zanin ya zame daga kanta. A benci na gaba, kusa da mijinta, Nambewe ce zaune da tsohon cikinta, ta saki baki tana kallo.

"Sannu da zuwa awo, amaryarmu," in ji Nambewe a hankali. "Ashe da mai shi kika zo."

"Yaya, ki tsaya in yi miki bayani."

"Wane bayani? Ai na ji da kunnena. Allah ya raba lafiya."

Ulemu ta juya ga ƙofar ɗakin. Mace ɗaya ce ta rage a gabanta. Ta ce a ranta, in dai na shiga, komai zai wanke. Tana ji mai injin yana cewa ta ciki ta goge cikinta ta sauko.

Sai aka yi tsawa, wuta ta ɗauke.

Janareto ba mai. Batirin injin ya daɗe da mutuwa, kowa ya sani. Aka jira, ruwa ya fara sauka, direba ya shigo da bargonsa. A gaban idon Ulemu aka naɗe injin aka fita da shi. Ta bi su har baranda tana cewa, "Ku taimake ni, ni kaɗai, ba zan daɗe ba." Mai injin ya dube ta da tausayi ya ce ko da ya ajiye shi, ba abin da zai kunna shi.

Motar ta tsallaka. Da yamma kogi ya kawo ya tafi da rabin gada, ya bar motar asibiti da inji a wancan ƙetare.

*

Kafin a tashi kasuwa labari ya gama gari. Kawu Malunga ya aika wa kawun Ulemu cewa maganar da ke tsakani a bar ta haka.

Kwana biyu Lonjezo bai zo ba. A na uku ya jingine kekensa a katangar gidansu Ulemu. Ya same ta kwance a tabarma a baranda, ga tuwon nsima da miyar ganyen kabewa a gefe ko taɓawa ba ta yi ba. Ta rame, idanun sun faɗa, cikin kuwa ya ƙara fitowa.

"Ka zo," ta ce.

"Na zo."

"Na ɗauka sai a coci zan ji an sanar da kai da Tinenenji."

Ya zauna a ƙasa. "Me ya sa ba ki gaya min ba, Ulemu? Me ya sa shi?"

"Ban kira shi ba. Na rantse da Allahn da muke wa waƙa, ban kira shi ba. Kai nake karewa. Na ce kada a kore ka daga aiki saboda ni."

"Da an kore ni ɗin. Da na tsaya kusa da ke an tambaya waye mijin, na ce ni ne. Da yanzu ni ake zagi, da na fi samun barci."

Ta yunƙura ta tashi zaune, tana dafe da gefenta. "Zan tambaye ka abu ɗaya, kada ka yi min ƙarya. Da Yaya Nambewe ta gaya maka, ka yarda?"

Lonjezo ya kau da kai.

"Lonjezo."

"Na yarda," ya ce. "Yini guda na yarda. Ina tsaye gaban yara ina kaɗa waƙa, zuciyata tana lissafa watanni. Sai da na je wurin Sista Ndaziona ta zage ni tas, sannan na dawo hayyacina. Ki yafe min."

Ulemu ta fashe da kuka, irin wanda ba ya fita da ƙara. "In kai ka yarda yini guda, su sai su yarda har abada. Ni me na yi wa garin nan? Ciwo ne fa ya same ni. Ko ciwon ma ban san sunansa ba. Kullum ina kwance ina taɓa shi, ina tambayar sa, kai mene ne? Ba wanda zai gaya min."

"Za a gyara gada. Injin zai dawo."

"Yaushe?"

Gadar da ta karye a wancan karon sai da aka yi shuka aka girbe kafin a waiwaye ta.

Inna, mahaifiyar Ulemu, ta fito daga ɗaki tana goge hannu. Ba ta amsa gaisuwarsa da kyau ba.

"Malam, ba na ƙin ka, Allah ya sani. Amma nas ta zo jiya ta danna cikin nan, ta ce abin girma yake yi, ta ce yanzu ba maganar aure ake ba, maganar rai ce. Ta ce a kai ta Blantyre a haska, ko ƙari ne a cire tun da wuri. Bas ba ya zuwa. Motar asibiti tana ƙetare. Mota ɗaya ce a garin nan mai tsayin da za ta bi ta mashigin shanu ta ratsa ruwa, ka san ta wa ce."

"Zan goya ta a keke, Inna. In kai ta bakin ruwa in ɗauke ta a kafaɗa."

"Daga nan zuwa rijiya ba ta iya zama a keke. Kashe min ita za ka yi?" Inna ta share ido da gefen zani. "Bambo Kadzamira ya ce gobe zai tafi. Ƙanwarsa tana aiki a asibitin kuɗi a can, injinsu ba ya yawo, a gidanta za mu sauka. Kuma kawunta ya faɗa min gaskiya. Ya ce in mutumin nan ya kai ta ya dawo da ita da rai, ba shi da bakin da zai ce masa a'a karo na uku."

"Ba zan shiga motar ba," in ji Ulemu.

"Kin ji ta ko? Tun jiya abin da take faɗa ke nan."

"Ba zan shiga ba, Inna. In na zauna a gaban motar nan na ratsa kasuwa, na sa hannu a kan duk abin da suka faɗa. Ko hoto goma na dawo da shi, cewa za su yi can aka kai ni aka zubar. Gara in kwanta a nan. In na mutu a buɗe cikin a gani, a je a gaya wa Kawu Malunga."

"Ulemu, daina," in ji Lonjezo.

"Ba zan daina ba. Kai nake so. Tun ranar da ka kawo min yagaggiyar rigar waƙa ka tsaya kana min gardamar zare, ban ƙara ganin wani namiji ba. Ka ce in zauna, in zauna."

Ya dube ta. Ya dubi hannunta da ke dafe da gefen hagu. Ya tashi ya ɗauki kekensa, bai hau ba, ya tura shi har ya sha kwana.

Ulemu ta juya fuska ga bango. Inna ta ce, "Kin gani ko?"

*

Da safe akori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Ranar kasuwa ce, hanya cike da masu tallan kifi da matan ƙauye da kwandunan tumatir, kowa ya rage tafiya yana kallo. Bambo Kadzamira ya fito ya buɗe ƙofar gaba ya tsaya. Inna ta fito da jaka. Ulemu na zaune a baranda ta riƙe ginshiƙi da hannu biyu.

"Na ce ba zan je ba."

Sai ga Lonjezo, cikin fararen kayan makaranta, ya baro aji ba izini. Bai kalli kowa ba. Ya zo ya durƙusa gabanta.

"Tashi, Ulemu."

"Ka ce in zauna."

"Ba zan ce ba. Jiya na je wurin Kawu na roƙe shi har na kwanta a ƙasa, ya ce hoto. Na je wurin masu kwale-kwale, sun ce ruwan ya fi ƙarfinsu. Ba ni da abin da zan ba ki sai kabari kusa da ni. Ba na so."

"Ka san abin da za a ce."

"Na sani."

"Ka san ba zan dawo taka ba."

"Na sani." Hawaye suka zubo masa, bai share ba. "Ki dawo kawai. In riƙa wucewa ta layin teloli ina jin ƙarar kekenki. Ya ishe ni."

Ya ɓamɓare yatsunta daga ginshiƙin ɗaya bayan ɗaya. Ta kifa kai a kafaɗarsa tana kuka, tana dukan ƙirjinsa da hannun da ba ƙarfi. Ya ɗauke ta cak, karo na farko da ya taɓa riƙe ta haka, a gaban duk garin, ya kai ta ya zaunar a kujerar wani. Ya naɗe rigarsa ta sama ya tokare mata gefen hagu.

Ya juya ga Kadzamira. "Bambo, in ka zo ramuka ka sassauta. Wannan gefen ne ke mata ciwo. Kuma ba ta faɗa in tana jin ƙishi, sai an miƙa mata."

Kadzamira ya kasa haɗa ido da shi. "Na ji, Malam."

Ulemu ta kama hannun rigar Lonjezo. "In an haska, zan aiko maka da hoton."

"Ki bar shi a wurinki. Ni na riga na sani."

Shi ya rufe ƙofar. Motar ta ja a hankali ta ratsa kasuwa, mata suna matsawa suna zunɗe, ta gangara wajen mashigin shanu. Yana tsaye a tsakiyar hanya har ya daina jin ƙugin injin.

Wata tsohuwa daga ƙauyukan tudu, wadda ba ta san kowa a garin ba, ta sauke kwandonta kusa da shi tana numfashi.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana, na ga yadda ka ɗauke ta. Ƙanwarka ce ko? Kada ka yi kuka, ta dace da miji mai kula. Allah ya sauke ta lafiya, ya bar su tare."

Lonjezo ya goge fuska da tafin hannu.

"Amin, Kaka," ya ce.